Faɗin Makara

A ɗakin zane, a Tek, hawa na biyu,
Dokta Agyekum ya shimfiɗa Kumasi bisa tebur
kamar mai shanyar tsaba.
Ga Adum, ga Kejetiya, ga Bantama,
kowacce da launinta.
Na bi da yatsa ina laluben gidanmu.
Aboabo ɗigo-ɗigo ce, kamar kashin ƙuda,
an rufe ta da kalma guda: cunkoso.

Ya ce, kowa ya je ya auno unguwa,
ya dawo da ita a takarda kafin Litinin.
Na ce ni tawa na san ta.
Ya ɗago tabarau: Ka zauna cikinta dai.
Je ka auno.

Asabar, na sauka daga tirotiro
da igiyar awo a kafaɗa.
Matan bakin famfo suka yi tsit.
A nan, in aka ga mai awo,
jan fenti na tafe,
bayan jan fenti kuwa sai katafila.
Inna Abiba mai wake da shinkafa
ta ajiye ludayi, ta ce,
Munkaila, kai ne? Mu muka goye ka fa.

Na durƙusa na gaishe ta.
Sannan ta ja ni bayan rumfarta,
ta nuna mini bango.
Nan ruwan bara ya tsaya, daidai ƙuguna.
Nan na shekarar da aka haifi Fusena.
Wannan na sama, da ya tafi da tukwanena huɗu
da akuyar maƙwabci, ba ma kiran shekararsa.
Bangon ya fi littafina lissafi.
Na kwafa.

Lungunmu mita ɗaya da rabi.
Littafi ya ce motar kashe gobara ba ta shiga.
Baba Seidu tela ya tsai da keke,
ya ce waɗanda suka yanke shi ba su san mita ba.
Makara suka ɗauko, da kafaɗun mutum huɗu,
inda ta wuce ba ta gogi bango ba
nan suka ce hanya ta yi.
Sun tanadi fitar mamaci, in ji shi,
kai sai ka tanadi fitar mai rai.

Da dare na ja layin rafi.
Ratar da aka ce a bar wa ruwa
ta bi ta kan shagon Baba Seidu,
ta raba ɗakin da aka yanke mini cibiya,
ta ɗebe rabin rumfar Inna.
Na goge. Na sake ja.
Layin bai san ni ba, ya koma inda yake.
Ruwan ma bai san kowa ba,
leda da kwalba sun cushe masa maƙogwaro,
in ya shaƙe, ɗakinmu yake amayarwa.

Abokan karatu na ta lissafin gaba.
Akosua na son ofishin majalisar birni, da hatimi.
Mutawakilu ya ce shi Ankara zai nufa,
kamfanin masu gina rukunin gidaje,
inda ake dasa bishiya kafin a zuba mutane.
Ni har yanzu ban ce komai ba.
Ina dai tuna yadda ludayin ya sauka.

Litinin na kai takarda biyu.
Ɗaya da layi, tsaf, yadda aka koya mana.
Ɗaya da sunayen waɗanda layin ya taka,
mutum tamanin da bakwai,
da inda kowa ke ɗiban ruwa,
da nisan da tsohuwa za ta iya yi da tukunya a ka.

Dokta ya daɗe yana dubawa.
Ya ce, ta biyun ba ita na tambaya ba.
Bai mayar mini da ita ba.
Ya jawo kujera da ƙafa, ya ce zauna,
wace ce Abiba?